Taɓaryar Inna da Gwiwar Ɗan Acaɓa

Taɓare biyu na tashi na tarar a gidanmu na Birnin Kudu, kuma dukkansu sun karye a kan idona. Ta farko a ƙugu ta tsage, wurin da hannu ke riƙewa. Inna ba ta ko ɗaga murya ba. Ta aike ni wurin mai facin keke na karɓo tsohon tufu, aka yanka shi siri-siri, aka kara wa taɓaryar itace biyu a gefe da gefe, aka naɗe tam. Wannan taɓarya ta ƙara shekaru tana surfe da daka, har robar ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda gumin hannu.

Ta biyun kuwa a kai ta samu matsala. Wata rana ana dakan gero, sai wani ɓalli mai faɗin yatsu uku ya ɓantare daga gefen kan, daidai inda yake haɗuwa da turmi. Ni da na ga yadda aka yi wa ta farko, sai na ɗauko ragowar roba na mayar da ɓallin na ɗaure, ina jin na yi abin kai. Bugu uku aka yi, ɓallin ya zame ya faɗa cikin gari. Inna ta tsince shi, ta hure, ta miƙo mini. Ta ce, "Ɗan nan, ƙugu riƙewa kawai ake yi. Kai shi ke cin duka." Daga ranar taɓaryar ta koma abin tokare ƙofar zaure.

Na fi shekara talatin ban tuna da wannan ba, sai bara da ɗan yayata ya faɗi da babur.

Yaron a Gwaram yake zaune, acaɓa yake yi, ranar kasuwa kuma ya ɗauki kaya. Ya taso daga garin Sara da buhu biyu a baya, akuya ta gitta masa, ya kauce, gwiwarsa ta dama ta daki bakin kwalbati. Kowa ya san yadda mai babur yake zaune: gwiwa a lanƙwashe, tana gaba da komai, kamar goshin mota. Duk ƙarfin gudun a nan ya sauka. Ko fata ba ta yage sosai ba, amma kafin a kawo shi gida gwiwar ta kumbura ta yi kamar kabewa, kuma ba ya iya taka ƙafar. An kai shi wani ɗan wurin ɗaukar hoto, aka ɗauka ta gaba, mai hoton ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya ce ƙashi lafiya lau. Sai gida ya ɗauka: targaɗe ne, buguwa ce, a gasa da ruwan zafi a shafa man zafi. Kwana biyar ana haka, sannan aka ɗauko mai ɗori.

Ina so in yi wa wannan dattijo adalci, domin na saba jin 'yan boko suna yi wa masu ɗori kuɗin goro. Ya zauna a kan tabarma, ya yi bisimilla, ya bi cinyar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya bi ƙwaurin, ya taɓa ƙoƙon gwiwar. Sannan ya ɗan lanƙwasa ƙafar, yaron ya kurma ihu. Dattijon ya sake gwadawa a hankali, kunnensa kusa da gwiwar kamar mai sauraren kankana. Ya saki, ya goge hannunsa da gefen riga. Ya ce da yayata, "Hajiya, cinya lafiya, ƙwauri lafiya. Amma akwai abin da ke motsi a can ciki, ta baya, kuma karana ba zai kai wurin ba. Ku kai shi asibiti." Bai karɓi ko sisi ba. Ba duka masu ɗori ke da wannan gaskiyar ba, na sani; na ga ƙafar da aka ɗaure har ta yi baƙi. Amma wannan ya san iyakar sana'arsa, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da Inna ta faɗa mini a bakin turmi.

Wanda yake so ya gane abin da ya karye, ya je wurin mahauta ya ce a nuna masa ƙashin cinyar sa bayan an fincike nama. Siffar taɓarya gare shi: tsakiya siriri, kawuna biyu masu kauri. Kan da ke ƙasa, wanda ya shiga gwiwa, ya rabu gida biyu, dunƙule biyu masu santsi kamar an jera ƙwai biyu, an lulluɓe su da guringuntsi fari mai sheƙi. Ka shafa yatsa a kai, ba za ka ji ko ƙwarzane ba. Na ɗan Adam ma haka yake. Waɗannan dunƙule biyu su ke zaune a kan ƙashin ƙwauri, wanda samansa yake a baje kamar turmi marar zurfi, suna mirginawa suna zamewa duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa. Kuma dunƙulen ba su tsaya a ƙasa kawai ba, sun zagaya baya, kamar dunduniya. Idan kana tsaye ko kana tafiya, ƙasansu ne ke ɗauke da kai. Da zarar ka lanƙwasa gwiwa sosai, nauyi ya koma bayan.

To, wannan bayan shi ne ya ɓantare wa yaron. Ba a gicciye ƙashin ya karye ba kamar yadda ake karya rake. Tsagewa ya yi daga sama zuwa ƙasa, bayan dunƙule ɗaya ya rabu da gabansa, kamar ka sa wuƙa ka ɓare bayan dankali ka bar gaban. Likitocin ƙashi suna kiran wannan karayar Hoffa, da sunan Albert Hoffa, wani likitan Jamus da aka haifa a Afirka ta Kudu a 1859, wanda ya yi bayaninta a littafinsa na karaya da gocewar ƙashi, bugun 1904. Amma ba shi ya fara ganinta ba. Wani ɗan ƙasarsu, Friedrich Busch, ya riga shi tun 1869, shekara 26 kafin Röntgen ya gano hasken da ake hoton ƙashi da shi a 1895. Haka duniya take, wani ya yi noma wani ya ci suna. Karaya ce da ba a cika gani ba, likita na iya daɗewa yana aiki bai haɗu da ita sau da yawa ba. Ta fi samun dunƙulen waje fiye da na ciki, kuma ta fi samun samari masu ƙarfi, domin sai da duka mai tsanani a kan gwiwar da ke lanƙwashe take faruwa: haɗarin babur, haɗarin mota, faɗowa daga sama. Idan aka ce babur da samari, ai an zo gida. Ka tsaya a mahaɗar Babaldu da hantsi ka ƙirga gwiwoyin da ke wucewa a lanƙwashe, wasu uku-uku a kan mashin ɗaya.

Me ya sa hoton farko bai nuna ba? Ba lallai mai hoton ya yi ganganci ba. Ka ɗauki randar da aka jingina a kusurwar ɗaki, bayanta ya fashe, gabanta lafiya. Duk wanda ya shigo ta ƙofa zai rantse randa garau take, sai dai ya yi mamakin me ya sa ƙasa take jiƙewa. Hoton da aka ɗauka ta gaba inuwa ce kawai: gaban ƙashin da bai karye ba ya tsaya ya rufe ɓallin da ke bayansa. Ko hoton gefe ma, dunƙulen nan biyu kan hau juna, lafiyayyen ya ɓoye karyayyen, balle a ce majinyaci yana murƙususu ba ya barin a daidaita ƙafar. Shi ya sa ake neman hoton CT, na'urar da aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, wadda take nuna ƙashi yanka-yanka kamar an yanka albasa, kowane yanki a duba shi daban. Wasu likitoci a Seattle ta Amurka sun bi karaya 202 na ƙarshen ƙashin cinya da suka ratsa cikin gwiwa, suka wallafa a 2005 cewa kusan 38 cikin ɗari suna ɗauke da irin wannan ɓalli na baya. Wato karayar Hoffa takan laɓe a cikin babbar karaya ma, ido ya tafi kan babbar a manta da ita.

Mu mutanen Birnin Kudu muna da gata da garuruwa da yawa ba su da shi, tunda ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin gari, mutanen Gwaram da Buji har da na gefen Ningi ta Bauci suna zuwa. Ga kuma Kano tafiyar kamar awa biyu, inda Asibitin Ƙashi na Dala yake tun 1959, wanda sunansa ya zama kamar sunan sana'ar kanta: idan aka ce "an wuce da shi Dala", kowa ya san ƙashi ne, kuma ba ƙarami ba. Amma gata ba ya aiki sai an tashi an je. Mu sai a kwana na tara muka sami hoton da ya nuna gaskiya. Likitan ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ya sa bakin biro a kan wani abu kamar rabin goro da ya ja baya ya ɗan hau sama. Ya ce, "Ga ɓarawon nan."

Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ba za a sa mini siminti kawai ba? Ni tsoron yanka nake."

Tambayar da kowa zai yi ke nan, kuma amsarta tana cikin taɓaryar Inna. Karayar tsakiyar ƙashi, ta ƙugu, tana da abubuwa uku da ke taimakonta. Nama ya kewaye ta yana kawo mata jini. Abin da aka ɗaura daga waje, kara ne ko siminti, yana iya riƙe ta. Sannan ko ta haɗe da ɗan karkata, jiki yakan yi haƙuri, domin ba wurin gogayya ba ne. Taɓaryar da aka naɗe da roba ba ta miƙe sak ba, amma gero bai taɓa ƙorafi ba. Ɓallin Hoffa ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Yana can cikin gaɓa, yana iyo a cikin ruwan gwiwa, wanda aikinsa shi ne sa abubuwa su yi santsi, ba su manne ba. Naman da ke riƙe da shi kaɗan ne, wani lokaci ma kusan babu, saboda haka jinin da zai ciyar da shi ya yi ƙaranci. Tsagar a tsaye take, duk motsin da aka yi turawa yake yi ɓallin ya zame sama, ga jijiyoyin bayan gwiwa suna jan sa. Ka naɗe gwiwar da duk simintin duniya, kamar ka ɗaure buhu ne da igiya kana fatan ƙwan da ya fashe a tsakiyar buhun ya haɗe. Kuma idan aka ce a kwantar da ƙafar wata uku a miƙe ko zai kama, gwiwa ba ta yafe zaman banza. Takan sandare.

Akwai kuma batun daidaito. A cikin gaɓa ba a yarda da "ya yi kusa" ba. Likitocin ƙashi sukan ce tudun da ya wuce milimita 2 a fuskar gaɓa matsala ne, wato abin da bai kai kaurin ƙwayar dawa ba. Mai injin markaɗe zai gane wannan da sauri: idan haƙorin faranti ɗaya ya ɗan fito, ba ranar zai nuna ba, amma a hankali zai cinye ɗan'uwansa. Haka ɗan tudun nan zai riƙa kankare guringuntsin ƙwauri a kowane taku, har saurayi ɗan shekara 25 ya wayi gari da gwiwar tsoho.

Saboda haka sai tiyata. Abin da ake yi, idan aka cire kayan asibiti da sunayen Turanci, aikin gyartai ne da na kafinta a haɗe. Gyartai ba ya fara ɗinkin ƙwarya sai ya share bakin tsagar, ya haɗa gefe da gefe har layin ya ɓace, sannan ya huda. Likita ma haka: ya buɗe gwiwar ta gefe ko ta gefen ƙoƙo, gwargwadon inda ɓallin yake, ya wanke gudajin jini daga tsagar, ya lanƙwasa ƙafar don jijiyoyin baya su saki, ya kamo ɓallin da wani abu kamar awartaki ya mayar da shi gurbinsa, yana shafawa da yatsa ya ji ko akwai tudu. Ya soka siraran wayoyi su riƙe na ɗan lokaci. Sannan aikin kafinta ya shigo: sukuru, aƙalla biyu. Ɗaya ba ya isa, domin katakon da aka kafe da ƙusa ɗaya juyawa yake yi a kanta kamar farfela. Ana kafa su a gicciye da tsagar, su jawo ɓallin su matse shi da uwar ƙashi. Wani lokaci daga gaba zuwa baya, wanda ya fi sauƙin kaiwa. Wani lokaci daga baya zuwa gaba, wanda ya fi riƙe ƙaramin ɓalli amma ya fi haɗari, don a bayan gwiwa babbar hanyar jinin ƙafa take, kuma a gefen waje akwai jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, wadda idan aka taɓa ta mutum zai riƙa jan ƙafa. Wani likitan Faransa mai suna Letenneur da abokan aikinsa sun kasa wannan karaya gida uku a 1978, bisa yadda layin tsagar ya bi, kuma har yau da wannan rabon ake shawarar ta inda za a shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne kan sukurun. Idan dole ya bi ta fuskar gaɓa, ba a barin kansa a waje. Ko dai a nutsar da shi ƙarƙashin guringuntsi, ko a yi amfani da irin wanda ba shi da kai sam, mai zare a gaba da baya, irin wanda likita Timothy Herbert ya fito da shi don wani ɗan ƙashin wuyan hannu, ya bayyana a 1984. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin makaranta ƙusa ta yaga masa wando ya san dalili. Idan kuma ƙashin ya ruguje ko ɓallin babba ne, sai a ƙara ɗan farantin ƙarfe a bayansa ya tokare shi, kamar yadda ake tokare katangar da damina ta jiƙa. Wannan tsari na a mayar da ƙashi daidai, a kafe shi da ƙarfi, a fara motsa gaɓa da wuri, wasu likitocin Suwizalan ne suka kafa ƙungiya a kansa a 1958, ana kiranta AO, kuma shi ne ya zama karatun likitocin ƙashi a ko'ina.

An yi wa yaron aiki a Kano, sukuru biyu. Ba zan ɓoye ba, kuɗi sun fita: hoto, ƙarfe, magani, mota, abincin mai jinya. Yayata ta sayar da tumakinta biyu da buhunan riɗin da take ajiye wa tashin farashi. Shi ya sa ba na saurin zagin wanda ya tsaya wurin mai ɗori. Sau da yawa ba jahilci ba ne, aljihu ne.

Na ɗauka wahala ta ƙare ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata. Ashe nan ta fara. Dokar da aka ba shi mai kama da wasa ce: ka motsa, amma kada ka taka. Tun ɗinki bai warke ba masu gashin ƙashi suka fara lanƙwasa ƙafar, yana cizon gefen filo, amma kusan wata uku ba a yarda ya ɗora mata nauyi ba, sai sanduna biyu. A gida kuwa kowa likita ne. Masu zuwa dubiya rabi suna cewa "ka daure ka taka, haka ƙashi ke ƙarfi", rabi suna cewa "wa ya ce ka riƙa lanƙwasa ƙafar da aka yanka?" Duka ɓangarorin biyu sun saɓa wa likita, kowa ta nasa gefen. Yayata ta gaji, ta riƙa cewa, "To, Allah ya saka da alheri," tana rakiyarsu har zaure.

A wannan jinyar na lura da abin da ban taɓa kulawa ba: mu rayuwarmu a kan bayan dunƙulen nan take. Bature da ke zama a kujera, ya ci a tebur, ya kewaya a zaune, idan gwiwarsa ta kai rabin lanƙwasa ta ɗan ɗara, ya warke ke nan a wurinsa. Mu kuwa? Sujada da zaman tahiya sau biyar a rana. Tsuguno a gaida iyaye da surukai. Tsuguno a bayan gida. Cin tuwo a tabarma, zaman makoki, cirar gyaɗa, tatsar saniya, alwala a bakin buta. Duk waɗannan sai dunduniya ta kusa taɓa mazaunai, kuma a nan ne nauyin mutum yake komawa daidai kan ɓallin da aka kafe. Ranar da yaron ya fara zuwa masallacin unguwa da kujerar roba, ya zauna a ƙarshen sahu tare da tsofaffi biyu, ya dawo bai yi wa kowa magana ba har dare. Ba ciwon ne ya dame shi ba.

Inna tana raye, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Da muka dawo daga ganin likita na wata uku, na kai mata fim ɗin na ɗaga mata a hasken tsakar gida. Sukurun biyu sun fito fari tas, a jere, layin tsagar ya kusa ɓacewa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Waɗannan ƙusoshin a ciki za su zauna?" Na ce a ciki, sai dai idan sun dame shi. Ta ce, "Ba sa tsatsa?" Na ce ba irin ƙarfen kasuwa ba ne. Ta juya ta dubi jikan nata ta ce, "To kai, mai gidana, yanzu ka fi babur ɗinka tsada." Shi ne karo na farko da na ji ya yi dariya tun ranar kwalbati.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Ya ajiye sanduna, ya ajiye kujerar masallaci. Yana sujada sosai, amma a zaman tahiya har yanzu yakan ɗan zame ƙafar dama gefe, dunduniyar ba ta ƙarasa ba, saura kamar yatsu huɗu. Da sanyin hunturu yakan ce gwiwar tana yi masa magana da asuba. Ya koma kan babur tun bayan sallar layya, duk da faɗan uwarsa, don riɗin da aka sayar ba zai biya kansa ba. Makon jiya na gan shi a tasha yana ɗaure wa wata mata buhun masara a baya, ya sa ƙafar dama ya take robar yana ja. Na buɗe baki zan yi magana, sai fasinja ta hau, ya buga mashin da ƙafar nan, suka nufi hanyar Gwaram.